Hannun Da Ya Sare Ni

Shafi na 14

Saura kaɗan in ƙi rubuta wannan shafin. Na buɗe waya na rufe, na sake buɗewa na rufe. Kun san ni ba gwanar magana ba ce, makarantar ma ban yi nisa ba, kuma wadda zan yi magana a kanta yau ita ce matar da ta tsince ni a tashar jirgin ƙasa lokacin da iyayena suka kore ni. Amma kun hana ni sakat da saƙonni, Jalisa ina ci gaba, Jalisa me ya faru ranar Lahadi. To ga shi nan. Mai zagina ya zage ni.

Waɗanda suka shigo yanzu, ga inda muka tsaya. Ni 'yar gidan rawa na Marchand ce a nan unguwar Harlem, Mama Verlene ce uwar gidanmu, a wajenta nake kwana, sunan gidanta nake ɗauka zuwa fagen gasa. Shekara tara ina taka rawar vogue, rawar yanga da juya hannu, a rukunin samari da sunan da aka raɗa min, Darnell. Bara na gaji da ɓoyewa, na fara karɓar allurar mayar da jikina na mace, na fito fili a matsayin abin da na san ni ce tun ina ƙarama. Ranar Asabar ɗin nan na fita karo na farko a rukunin mata. Alƙalai shida suka ɗaga min maki goma. Ta bakwai, Anti Cleotha, ta ɗaga hannu ta sare ni. Kuma in alƙali ɗaya ya sare ki, shi ke nan, ko karawa ba za ki kai ba. Na koma gefe ina kallo Rhonelle, 'yar uwata ta gida, ta ɗauki kofin.

Ranar Lahadi ba a fashin cin abinci a gidan Mama. Ko an ci kofi ko an sha kaye, ƙarfe uku kowa na kan tebur.

Ina kicin ina gurza cuku, kaina a ƙasa. Dontrell, ɗan uwanmu na gida wanda bakinsa ba ya hutawa, yana juya kaza a cikin mai.

"Jalisa, cukun nan bai yi miki komai ba fa. Ba shi ya sare ki ba."

Na ci gaba da gurza cukuna.

"Dontrell, rufe bakin nan ko in rufe maka shi da ludayi," in ji Mama daga wajen tukunyar ganye.

"Tausayin cuku nake, Mama."

Rhonelle ta shigo rungume da kofinta ta dire shi a tsakiyar tebur.

"Ɗauke min abin nan, nan wajen makaroni ne."

"Haba Mama, shi ma baƙo ne, a zuba masa."

Da ta zo wucewa ta bayana sai ta daki kafaɗata da tata, ta yi ƙasa da murya. "Kin yi kyau jiya, wallahi. Tsohuwar can idonta ne ya mutu. Share ta."

Na ɗaga mata kai kawai. Da na buɗe baki kuka zai fito.

Sai aka danna ƙararrawa.

Na ɗauka maƙwabciyarmu ce ta zo aron sukari. Dontrell ya je ya buɗe, sai na ji ya yi shiru. Dontrell ba ya shiru. Na leƙa.

Anti Cleotha ce. Da hular cocinta mai faɗi, da sandarta, da kwanon fanken dankali a hannu ɗaya kamar kowace Lahadi.

Ban taɓa zaton za ta zo ba. Na san aminiyar Mama ce tun kafin a haife ni, na san kujerarta ce ta kusa da taga. Amma yau? Bayan jiya?

"Jalisa, karɓi kwanon Antinki ki zuba mata abinci."

Na kalli Mama. Ba ta kalle ni ba, tana ta juya ganye.

Na karɓa. Na zuba kaza, na zuba makaroni da ganye, na yanka burodin masara. Na kai gabanta na ajiye da ƙarfin da ban yi niyya ba, romon ganye ya fantsama a kan tebur.

"Iye," in ji Anti Cleotha. "Yau da ƙarfi ake ciyar da baƙi."

Muka riƙe hannu Mama ta yi addu'a. Hannun da ya faɗo min in riƙe na Anti Cleotha ne. Na dama. Shi dai. Na riƙe shi ina jin zobbanta suna danna min yatsu, Mama na gode wa Allah da ya haɗa mu a kan tebur ɗaya cikin ƙauna. Da aka ce amin na zare hannuna na goge a siket.

Ta gani.

Kowa ya fara ci. Ba a jin komai sai ƙarar cokula. Dontrell ya gwada wani labari na wani da gashin kanti ya faɗo daga kansa ana tsakiyar rawa, ba wanda ya yi dariya.

Ku da kuka daɗe kuna bina kun san halina. Ko a shago aka ba ni abin da ban ce ba, karɓa nake in tafi. Amma na zauna ina kallon matar nan tana tsotse ƙashin kaza hankalinta kwance, sai na ji maganar ta fito da kanta.

"Me na yi?"

Anti Cleotha ta ɗago. "Da wa wannan take?"

"Da ke nake, Anti."

"To ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

"Me na yi da kika sare ni?"

Cokalin Dontrell ya tsaya a hanya.

"Jalisa," in ji Mama. "Ba a kawo maganar fage kan teburina."

"Kofin fage na kan teburinki, Mama."

Ban san daga ina na samo wannan ba. Rhonelle ta saki baki. A hankali ta miƙa hannu ta sauke kofin ƙasa kusa da ƙafarta.

Na juya ga Anti. "Hannuna ne bai yi ba?"

"Hannunki ya yi."

"Tafiyata ce?"

"Tafiyarki lafiya lau."

"Da na tsuguna na zame? Ko faɗuwar nan ta salon rawa ce na yi ba a kan kiɗa ba?"

Ta ajiye ƙashin ta goge baki. "Faɗuwarki ta sauka a kan kiɗa kamar da shi aka haife ki. Ci abincinki, 'yar nan."

"To me ya rage?"

Ta ɗauki cokali ta ci gaba da ci.

"Fuskata ce ke nan. Ko kafaɗuna. Ko muryata. Faɗa min, Anti. Ki ce ban yi kama da mace ba, in ji da kunnena in huta. Tun jiya nake gaban madubi ina neman abin da kika gani."

Fuskarta ta canza. Ta buga sandarta a ƙasa.

"Ke! Kalle ni da kyau. Ni da aka fasa wa haƙori a titin nan saboda na sa siket, tun uwar da ta haife ki na tallar rawar kai? Ni zan kalli yarinya irina in ce ba mace ba ce? Allah ya kiyaye bakina."

"To me ya sa?"

Ta juya kai a hankali ta kalli Mama.

"Verlene."

"Cleo, kar ki fara."

"Na faɗa miki ba zan ɗauki kayan nan ni kaɗai ba."

"Na ce kar ki fara. A gidana kike."

"Tun jiya yara ke zagina a waya. Tsohuwar mayya, makauniya, mai baƙin ciki. Wata da na koya wa tafiya da dogon takalmi ta gan ni yau a bakin coci ta tsallake titi. Shekara nawa ina alƙalanci ba a taɓa cewa na yi son rai ba. Yanzu ga yarinya na tambayata ko fuskarta ce. A'a. Ki faɗa mata ko in faɗa."

Mama ta ɗauki jug ɗin shayi mai ƙanƙara ta fara zuba wa kanta. Kofin ya cika ba ta daina ba.

Anti Cleotha ta dube ni.

"Uwarki ce ta ce in sare ki."

Ban gane ba da farko. Wallahi na ɗauka wadda ta haife ni take nufi, har ina mamakin ina suka san juna.

"Ta same ni a bayan fage kafin a kira rukuninku. Ta riƙe min hannu ta ce, Cleo, in kina ƙaunata kar ki bar yarinyar nan ta wuce. Na ce in ta yi kyau fa? Ta ce ko da ta tashi sama."

"Yesu," in ji Dontrell.

Na kalli Mama. Matar da ta kai ni asibiti ranar allurata ta farko, ta riƙe min jaka. Matar da ta zauna da ni muna gwada sunaye har muka tsaya a kan Jalisa. Ita ta ɗinka min rigar da na sa jiya. Da hannunta ta ja min zif, ta ce je ki nuna musu, 'yata.

"Mama, ƙarya take ko?"

Ta ajiye jug ɗin.

"Ba ƙarya take ba."

"Ke kika ja min zif."

"Na ja."

"Kin riga kin yi magana da ita lokacin?"

"Na riga."

Kujerata ta faɗi baya da na miƙe. Ban ɗauke ta ba.

"Zauna, Jalisa."

"Ba zan zauna ba."

"Na ce zauna in yi miki bayani kamar manya."

"Ina jin ki a tsaye."

Ta numfasa. Ta cire tabarau ta ajiye gefen faranti.

"Shekara tara kika yi a rukunin samari. Tara. Saura ɗaya manya su kira ki gaban kowa su naɗa ki gwarzon fage. Kin san abin da hakan ke nufi. Duk gasar da za a yi a garin nan har ki mutu, sai an kira sunanki kafin a fara. In kika sauya rukuni, an share, daga farko za ki fara kamar wadda ta zo jiya."

"Na sani. Na faɗa miki na yarda."

"Ni ban yarda ba!"

Ta buga tebur har faranti suka yi tsalle.

"Shekara talatin ina riƙe da gidan nan. Na ciyar, na tufatar, na je ofishin 'yan sanda na karɓo, na kwana a asibiti. Ban taɓa fitar da gwarzo ko ɗaya ba. Biyu suka kusa, biyun na binne su kafin su kai. Matan da suka buɗe gida bayana suna zaune a gaba ana kiran 'ya'yansu, ni ina tafa musu. Sai ga ki. Saura shekara ɗaya. Ɗaya tak na roƙe ki."

"Ba ki roƙe ni ba."

"Na nuna miki."

"Ba ki roƙe ni ba, Mama! Da kin zaunar da ni kin ce Jalisa yi min haƙuri, da na ce a'a a gabanki, mu yi faɗa mu gama. Amma kika ɗinka min riga. Kika yi min kwalliya. Kika tura ni gaban mutane kin san an haƙa min rami."

"Da kin sha kaye sau ɗaya na san za ki dawo hayyacinki."

"In dawo ina?"

"Inda kike ci."

"In ɗaure ƙirjina? In cusa gashina cikin hula? Sanƙira ya riƙe makirfo yana ihun wancan sunan, ni ina juyi ina murmushi?"

"Minti nawa ne? Kin shiga kin fito. A gida ke Jalisa ce, a titi ke Jalisa ce, wa ya hana ki?"

"A titi?" Na ji dariya ta kuɓuce min, mai ɗaci. "A titi ranar Talata wani ya tofa min yawu a tashar bas ya ce ɗan daudu. A wajen aiki har yau manaja kallona yake ya ga banɗakin maza zan shiga ko na mata. Wuri ɗaya ne a duk garin nan da aka gina don irina ta tsaya a tsakiya a ce mata mace, a tafa. Ku kuka gina shi. Ke kika faɗa min haka. Shi ne kika ce in shiga can a matsayin namiji?"

Anti Cleotha ta ce, "Hmm," ta kalli taga.

Mama ta nuna ni da yatsa. "Ba ki san komai ba. Ranar da na fara fita a rukunin mata, kin san abin da aka yi min? Wani daga sama ya kira tsohon sunana, zauren duka ya ɗauka. Aka jefo min takalmin maza ya same ni a nan." Ta taɓa goshinta. "Na yi wata uku ban fita ƙofa ba. Jikinki bai gama zama ba, Jalisa. Da kin wuce, da an tsayar da ke kafaɗa da kafaɗa da Rhonelle a ƙarƙashin fitila. Kin san abin da bakin mutane zai faɗa? Na tsare ki ne."

"Ba wanda ya jefe ni jiya, Mama. Mutane a tsaye suke suna kiran sunana. Ke kaɗai kika jefo takalmin."

Ta yi kamar na mare ta.

"Tsare ta?" Anti Cleotha ta yi tsaki. "Verlene, ki ji tsoron Allah. Ki faɗi na gwarzo, wannan na yarda. Amma kar ki ce tsarewa. Da na bar yarinyar nan ta wuce, da ta share ƙasa da waccan."

Ta nuna Rhonelle da ƙashin kaza.

Rhonelle da tun ɗazu take zaune kamar gunki ta ɗago.

"Da wa?"

"Da ke, 'yar gayu."

"Anti, da girmanki?"

"Da girmana. Kina da kyau, kina da gashi, amma faɗuwarki kamar an yar da buhun wanki."

Dontrell ya toshe baki da burodi, kafaɗunsa na rawa.

Rhonelle ta miƙe. Ba Anti ta fuskanta ba, Mama ta fuskanta.

"Tsaya. Mama, ke ma haka kika gani? Kin ɗauka za ta cinye ni?"

"Ba maganarki ake ba."

"Maganata ake! Na kwana rungume da kofin nan. Na sa hotonsa ko'ina. Na kira kakata a Carolina na faɗa mata. Ashe share min hanya aka yi kamar wata gurguwa?"

"Kin ci kofinki da guminki."

"Da gumin wa? Wadda zan kara da ita an cire ta kafin a fara!" Ta juyo gare ni, idonta ya yi ja. "Ke kuma kar ki ji tsohuwa ta zuga ki. Da kin wuce da na yi miki kaca-kaca."

"Ba za mu sani ba ai," na ce.

"Shi ne abin da ke ƙona min rai!"

Ta sunkuya ta ɗauki kofin ta dangwara shi gaban Mama, cikin farantin makaroni.

"Ga shi nan. Naki ne. Ke kika ci."

"Rhonelle Marchand, ɗauke min abin nan daga cikin abinci."

"Ba zan ɗauka ba."

Mama ta miƙe. In Mama ta miƙe kowa zama yake, haka muka saba. Doguwa ce, kuma muryarta ba ta bukatar makirfo. Rhonelle ta ja baya. Dontrell ya sunkuyar da kai.

Ni ban zauna ba.

"Duk wanda ke cin abincina zai ji maganata. Ni na san fagen nan, ni na san abin da ya dace da kowane ɗa nawa. Wata mai zuwa akwai gasa a unguwar Bronx. Za a kira rukunin samari, kuma gidan Marchand zai fita ya ɗauko kofin kamar yadda ya saba. Kana ji na, Darnell?"



Tun ranar da muka zaɓi sunana ba ta taɓa kuskure ba, ko cikin barci. Ita ce ta kori wani daga gidan nan saboda ya kira ni da shi cikin wasa. Ba kuskure ta yi ba. Ina kallon idonta, zaɓa ta yi.

"Verlene," in ji Anti Cleotha a hankali. "Wannan kuma ya yi yawa."

"Ba da ke nake ba."

Na riƙe bakin tebur.

"Ba ya nan, Mama."

"Me kika ce?"

"Wanda kika kira. Ba ya nan. Ke kika raka ni muka sallame shi."

Na ɗauka za ta ce yi haƙuri. Wallahi da ta faɗa a lokacin, da na faɗa jikinta na yi kuka, da yanzu wani labarin nake rubuta muku.

Sai ta ɗauki tabarau ta mayar.

"To ki ji. In kika sake fita a rukunin mata kafin shekarar nan ta cika, ba da sunana ba. Kuma wanda ba ya ɗauke da sunana ba ya ɗauke da makullina. Ki je ki yi tunani."

"Mama, haba," in ji Dontrell. "Ina za ta je?"

"Ba inda za ta je. Shi ya sa na ce ta yi tunani."

Wannan ce ta fi yi min ciwo, fiye da sunan. Saboda gaskiya ta faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Ta san albashina na shagon kayan gashi ba zai kama min ko lungu ba a garin nan. Ta san abin da ke samun irinmu a gidajen kwanan marasa galihu, ita ta sha ba mu labari don mu ji tsoro. Ta auna komai kafin ta buɗe baki.

Anti Cleotha ta dogara sandarta ta miƙe. Ta gyara hula.

"Abincin ya yi daɗi. Ban san ko zan dawo Lahadi mai zuwa ba." Ta tsaya kusa da ni. "Hannuna ne ya yi, ba zan ce ba nawa ba ne. Da na ƙi. Ban ƙi ba."

Ban ce na yafe ba. Ba ta jira in ce ba.

Na wuce ɗaki na rufe ƙofa. Ina jin Rhonelle na ta masifa a falo, ina jin Dontrell na kwashe kwanoni. Can ya zo ya ƙwanƙwasa ya ce ya ajiye min fanke a bakin ƙofa. Ban buɗe ba.

Wasunku za su ce shekara ɗaya ce kawai, ki daure. Na faɗa wa kaina haka ni ma. Na ma ɗauko tsohuwar hulata daga ƙarƙashin gado na sa a gaban madubi, na cusa gashina ciki. Na tsaya yadda nake tsayawa da. Jikina ya tuna komai, wannan ne ya ba ni tsoro. Zan iya. Zan ci musu kofin ma. Kuma duk gasar da za a yi har in mutu, kafin a fara sai an kira Darnell Marchand, ni kuma in taso in amsa.

Na cire hular.

Da gari ya waye na haɗa abin da jaka ɗaya za ta ɗauka. Maganina, takalman rawata, kayan aiki. Na fito.

Mama na kicin tana dama faten masara na safe, da rigar barcinta, ba gashin kanti ba kwalliya. Haka ta fi kama da tsohuwa. Ta ji motsina ba ta juyo ba.

"Zauna ki ci kafin ki makara. Na sa miki man shanu da yawa."

Kamar ba abin da ya faru.

"Mama."

Ta juyo. Ta ga jakar.

Na yi niyyar ajiye makullin a kan tebur in sulale, irin halina. Amma na taka har gabanta, na kamo hannunta, na buɗe tafin, na sa shi a ciki na rufe mata yatsu.

"Kin haukace? Ina za ki kwana?"

"Ban sani ba."

"Jalisa, kar ki yi min haka."

"Zan fita a Bronx. A rukunin mata. Ba da sunan gidan kowa ba."

Ta daɗe tana kallona. Faten na tafasa yana fantsama a kan murhu ba ta kula ba. Da ta yi magana muryarta ta koma ta uwar gida.

"Kin san wa aka gayyata cikin alƙalan Bronx?"

"Wa?"

"Ni."

Na gyara jakar a kafaɗa. Na kalle ta cikin ido, abin da ban taɓa iyawa ba tun da na san ta.

"Ya yi kyau. Wannan karon ki sare ni da hannunki, a gaban kowa."

Na buɗe ƙofa na fita. A kan matakala na tsaya na ciro waya, na shiga shafina, na goge Marchand daga bayan sunana.